NIOX VERO: Na'urar Auna Naitirik Oksaid a Numfashi, Amfaninta da Inda Take Gazawa

NIOX VERO ƙaramar na'ura ce da ake ɗauka da hannu ɗaya. Aikinta auna iskar naitirik oksaid da ke fitowa tare da numfashin mutum. Kamfanin Aerocrine na ƙasar Suwidin ne ya fara ƙera ta, yanzu kuma tana hannun kamfanin NIOX a Ingila. Tushen aikinta binciken da aka yi ne a cibiyar Karolinska da ke Suwidin: a 1991 Lars Gustafsson da abokan aikinsa suka gano wannan iska a numfashin ɗan Adam, a 1993 kuma Kjell Alving ya nuna cewa tana ƙaruwa a jikin masu asma. Idan hanyoyin iska na huhu suka kumbura irin kumburin da ke tafiya da ƙwayoyin iyosinofil, wani nau'i na fararen ƙwayoyin jini, fatar cikinsu takan ƙara fitar da iskar. Lambar da na'urar ke bayarwa alama ce ta wannan kumburi.

Tana auna daga 5 zuwa 300 ppb, wato kashi kaza cikin biliyan. Ga yadda ake gwajin: a sa sabon matacin baki a kan mariƙin, wato abin da ake riƙewa a hura a ciki, mutum ya fitar da iskar da ke ƙirjinsa duka, ya kama matacin da leɓɓansa kam, ya ja numfashi ta cikin mariƙin har huhunsa ya cika, sannan ya hura a hankali na daƙiƙa 10. Yara ƙanana akwai musu tsarin daƙiƙa 6. Sakamako yana fita cikin kusan minti ɗaya. Jan numfashi ta mariƙin ba ado ba ne. A cikinsa akwai sinadarin da ke tsotse naitirik oksaid na iskar ɗaki, don kada hayaƙin mota ko na janareta ya shiga lissafi.

Babban abin yabo a na'urar nan shi ne yadda take tsare saurin hurawa. Yawan iskar da za a karanta ya dogara ƙwarai da wannan sauri. Wanda ya hura da ƙarfi, numfashinsa zai wuce bututun huhu da sauri bai kwashi iskar sosai ba, lamba ta faɗi. Wanda ya hura a sanyaye fiye da kima, lamba ta hau. Shi ya sa ƙungiyoyin likitocin ƙirji na Amurka da Turai suka tsayar da ƙa'ida a 2005: mililita 50 a daƙiƙa. VERO tana riƙe wannan da kanta muddin mai hurawa ya tsaya cikin matsin da take so, tsakanin santimita 10 zuwa 20 na ruwa, wato ƙarfin da zai ɗaga ruwa zuwa wannan tsayi. Matsin yana da wani amfani na biyu: yana ɗaga ganɗar baya ta toshe hanyar hanci. Iskar hanci tana ɗauke da naitirik oksaid ninki-ninki fiye da ta huhu, ɗan yoyo kaɗan ya isa ya lalata gwaji. A allon akwai hoton gajimare da mai hurawa zai riƙe a tsakiya, tare da sauti. Idan ya kauce, na'urar ta soke gwajin ba ta ba da lamba ba. Wannan ya fi alheri a kan lambar ƙarya.

Mai bincike da ke son sanin adadin iskar da huhu ke saki zai iya lissafa shi da kansa, ya ninka lambar da saurin. Misali, 25 ppb sau mililita 50 a daƙiƙa zai ba da nanolita 1.25 a daƙiƙa, wato nanolita 75 a minti. To amma nan iyakar na'urar take. Tsarin da masu bincike Tsoukias da George suka fitar a 1998, wanda ke raba abin da manyan bututu ke saki da abin da ke can cikin ƙananan jakunkunan huhu, yana buƙatar a auna a sauri daban-daban, kamar mililita 100 da 200 da 300 a daƙiƙa. VERO sauri ɗaya kawai ta sani. Mai irin wannan bincike sai ya nemi babbar na'urar ɗakin gwaji, irin CLD 88 ta kamfanin Eco Medics.

Wajen fassara lamba, jagorar 2011 ta likitocin ƙirji na Amurka ta ce a babba ƙasa da 25 kaɗan ne, sama da 50 da yawa ne. A yaro kuma 20 da 35. Kuskuren na'urar na iya kai 5 ppb, don haka bambancin 23 da 27 bai isa a canja wa mutum magani ba.

Sakamako yakan fita ba daidai ba saboda rashin shiri. Shan taba yana rage lambar. Latas da alayyafo da sauran ganyaye masu yawan naitiret suna ƙara ta, mura ma haka. Maganin shaƙa mai siteroyid yana sauke ta, don haka dole a rubuta ko mutum yana kan magani. A hana ci da sha da motsa jiki na awa ɗaya kafin gwaji. Idan za a yi gwajin ƙarfin huhu a rana ɗaya, a fara da na naitirik oksaid, domin hurawa da ƙarfi tana rage lambar na ɗan lokaci. Kada a goge na'urar da sifirit, kada kuma a shafa man tsabtace hannu mai barasa kusa da ita, tururinsa yana rikita sensa, wato ɓangaren na'urar da ke gano iskar.

Kuɗin gudanarwa shi ne inda take ciwo. Sensar tana zuwa da ƙayyadadden adadin gwaji, kuma tana mutuwa bayan wata 12 da sa ta ko ba a cinye adadin ba. Mariƙin ma shekara ɗaya ne ko gwaji 1,000. Asibitin da ba ya ganin masu asma da yawa ya sayi sensa mai ƙaramin adadi, in ba haka ba zai biya kuɗin gwajin da bai yi ba.

Sai maganar yanayi. An ƙera ta don ta yi aiki tsakanin digiri 10 zuwa 35, da danshin iska daga kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari. A Sakkwato ko Damagaram, zafin watan Afrilu yana wuce digiri 40, lokacin hunturu kuma danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20. Sensar tana aiki ne da ruwan sinadari a cikinta, bushewa tana cin ta. Duk wanda zai yi amfani da ita a irin waɗannan wurare ya tanadi ɗaki mai sanyi da ma'aunin danshi a kusa da ita, ya rubuta zafi da danshin ɗakin a takardar kowane gwaji, sensar da ba a buɗe ba kuma a bar ta cikin ledarta a rufe har ranar da za a sa ta.