FT Delta na Flite Test: yadda yake a teburin haɗi da kuma cikin zafin Saudiyya

FT Delta ƙaramin jirgin rimot ne mai fiffike ɗaya tal, siffar kusurwa uku, wanda kamfanin Flite Test na jihar Ohio ta Amurka ke sayarwa a yayyanke, mai saye ya haɗa da hannunsa. Yana cikin jerin jiragensu masu aron inji ɗaya: injin da ESC (na'urar da ke sarrafa gudun inji) da risiba (mai karɓar saƙon rimot) suna zama cikin ɗan akwati guda, a zare shi daga wannan jirgi a soka a wancan, tsinke irin na tsire ne ke riƙe shi. Hukuncinmu a kansa shi ne ya ci kuɗinsa, yana haɗuwa cikin yamma ɗaya, yana jure faɗuwa. Sai dai an tsara shi ne da yanayin Ohio a rai. Wanda zai tashe shi a bayan garin Jidda ko hamadar Riyad dole ya sauya wasu abubuwa tun a teburin haɗi.

Abin da ke cikin kwalin allunan kumfa ne masu takarda gaba da baya, kaurinsu kamar milimita 5, an yanka su da leza, sai 'yan ƙananan kaya irin katakon da ake ɗaure inji da wayar tura leɓe, wato ɓangaren bayan fiffike mai motsi. Kayan lantarki daban ake saye: inji maras burushi mai nauyin kusan giram 24 zuwa 30, ESC na amfiya 18 zuwa 20, sarbo biyu masu giram 9 (ƙananan injuna masu motsa leɓe), farfela mai inci 8, batirin LiPo mai sel 2 ko 3, da rimot na 2.4 GHz wanda ya iya gauraya tashoshi biyu. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba a wasa da shi, za a ga dalili a ƙasa. Batirin gara a nema a shagunan cikin ƙasa, domin kamfanonin aike da yawa ba sa ɗaukar LiPo ta jirgin sama. A kuma lissafa harajin kashi 15 cikin ɗari a kan duk abin da aka yi oda.

Yankan yana da tsabta, sassan suna shiga juna ba tare da an yi ta sassaƙa ba. Inda aiki yake shi ne gam. Tsarin kamfanin gaba ɗaya a kan gam mai zafi yake, irin na sanda da ake narkarwa da bindiga, kuma gaskiya yana da sauri, cikin daƙiƙa 30 ya kama. Amma abin da zafi ya narkar, zafi zai iya sake sassauta shi. Motar da aka rufe a rana a watan Yuli cikinta yana wuce digiri 60, a nan kuwa gam mai ƙaramin zafi ya fara laushi. Ba ya sakin jirgin gaba ɗaya a gani a gyara. Sarbo ne zai ɗan goce daga mazauninsa, ko katakon inji ya karkata da digiri biyu, jirgin da jiya yake tafiya sak yau ya riƙa jan gefe guda. Saboda haka a sayi sandunan gam masu babban zafi, waɗanda ake narkarwa a wajen digiri 190, a ɗan jira daƙiƙa biyu kafin a manna don kada su cinye kumfar. Katakon inji da ƙahon leɓe, inda wayar turawa ke maƙalewa, kuma a sa musu gam ɗin efoksi mai minti 5. Sarbo a naɗe shi da salatif na takarda kafin a liƙa, yana ƙara kamu, kuma ranar da za a cire shi ba a ɓata jikinsa. A duba bindigar gam ɗin ma: wadda aka yi don wutar Amurka ta 110 za ta ƙone a soket na 230.

Matsala ta biyu ta mutanen gaɓar teku ce. A Jidda da Yanbu da Jazan, idan aka fito da jirgi daga ɗaki mai sanyin mukayyif zuwa iska mai laima, raɓa tana kwanciya a jikinsa nan take. Takardar da ke kan kumfar ita ce ƙarfin fiffiken, da ta fara ɗagowa daga baki sai fiffiken ya lanƙwashe. Allon ruwan ƙasa mai jure ruwa ya fi farin, amma shi ma bakinsa a buɗe yake. A shafa gam siriri a duk bakin da aka yanka, a share da guntun kumfa tun yana da zafi, sannan a bi gaban fiffiken da salatif mai faɗi. Kada a wuce gona da iri a baya, domin kowane giram da aka ƙara a wutsiya sai an biya shi da nauyi a hanci.

Jirgi mai wannan siffa ba shi da wutsiya ta daban. Leɓɓa biyu na bayan fiffike, da ake kira elebon, su ke yin aikin hawa da sauka da kuma juyawa. Ana datsa bakin kowanne a karkace, kusan digiri 45, da sabuwar reza, domin tsohuwa yagar kumfa take yi. A kunna sarbo su tsaya a tsakiya kafin a sa musu hannu, ramin ƙahon kuma ya zo daidai kan layin da leɓen ke lanƙwasawa, in ba haka ba hawansa zai fi saukarsa. Sai a shiga rimot a zaɓi nau'in fiffike na delta, shi ne ke gauraya tashoshin hawa da juyawa. A cire farfela, a tsaya a bayan jirgin a gwada: an ja sanda baya, leɓɓan biyu su ɗaga; an tura dama, na dama ya ɗaga na hagu ya sauka. Idan leɓe ɗaya ya yi daidai ɗayan ya saɓa, a juya tasha guda a rimot. Haka ma idan hawa da juyawa suka yi musanya, tasha guda za a juya. Yawancin jiragen delta da ke farfashewa a daƙiƙa uku na farko a nan aka yi musu sakaci. Da farko motsin leɓe na milimita 12 sama da ƙasa ya isa, da ekspo (saitin rimot mai sassauta motsi a tsakiyar sanda) na kashi 30.

Wurin daidaiton nauyi shi ne rayuwar wannan jirgi. A bi alamar da ke jikin zanen, a ɗora shi kan yatsu biyu da batir a ciki, hancin ya ɗan sunkuya kaɗan. Ga mai son sanin dalili: a fiffike mai cikakkiyar kusurwa uku, iyakar da jirgi ke daina daidaita kansa tana wajen rabin tsawonsa daga hanci, don haka nauyin ya kamata ya faɗo gaba da nan, kamar kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari. Mai nauyin hanci yana tashi da kasala yana sauka da gudu. Mai nauyin baya kuwa ba ya jin magana sam, yana ɗaga kai yana kifewa kafin hannu ya kai. A matsar da batir a gyara, kada a fara da liƙa ƙarfe. Leɓɓan kuma a bar su a ɗage milimita 2 zuwa 3 idan sanda na tsakiya, wannan ɗan ɗagin ne ke hana hanci nitsewa.

A sama jirgin yana da daɗi ƙwarai. Yana mirginawa da sauri, yana iya tafiya a hankali da hanci a ɗage ba tare da ya faɗi gefe ba, kuma iska matsakaiciya ba ta tsorata shi. Halinsa guda da ya kamata a sani: juyi mai tsanani yana cinye masa gudu nan da nan, sai a ga yana zamewa ƙasa alhali hancin na kallon sama. Maganinsa a ƙara wuta tun kafin a shiga juyin. Wajen jefawa, a fuskanci iska, wuta kamar kashi uku cikin huɗu, a riƙe nesa da farfela tunda a gaba take, a sake shi kusan a miƙe. Zai so karkata hagu saboda juyin farfela, a shirya masa. Mutanen Ɗa'if da Abha su sa batir mai sel 3, domin tsayin wurin, kusan mita 1,800 a Ɗa'if da sama da 2,000 a Abha, yana sa iska ta yi sirara, farfela ba ta samun abin kamawa sosai. Zafin Riyad na tsakar rana ma haka yake yi. Bayan sallar asuba ne lokacin tashi, iska a kwance, batir da ESC ba su sha rana ba.

Ba shi da taya, da ciki yake sauka, don haka a kashe wuta kafin ya taɓa ƙasa, a kuma ɗaura farfela da zoben roba don ta goce maimakon ta karye. Rairayi yana ɗauke da ƙurar ƙarfe da maganaɗisun inji ke jawowa. Idan an juya injin da yatsa aka ji yana ƙaiƙayi, a busa shi a tsabtace kafin a sake ba shi wuta.

Batirin 800 mAh, idan jirgin na jan amfiya 7 a matsakaici, zai ba da kusan minti biyar da rabi kafin a cinye kashi 80 cikin ɗari, a nan ya kamata a sauka. Cikarsa bolt 4.2 ne a kowane sel, ajiyarsa 3.8. Kada a bar shi cikin mota, kada a yi cajinsa yana da ɗumi, wanda ya kumbura kuma ya gama aiki.

Batun doka ba ƙarami ba ne a ƙasar nan. Hukumar sufurin jiragen sama ta Saudiyya, GACA, ce ke kula da jirage marasa matuƙi, kuma mai nauyin giram 250 zuwa sama yana buƙatar rajista. A auna jirgin da batir a ciki, domin gam da salatif na iya tsallakar da shi wannan iyaka. Ba a wuce tsayin mita 120, ba a barin ido ya rabu da shi, ba a kusantar filin jirgi, ko wurin soja, ko ma'aikatar mai, ballantana kewayen Harami a Makka da Madina. Baƙo mai iƙama ya fi kowa buƙatar kiyaye wannan.

Ga wanda bai taɓa riƙe rimot ba, FT Delta ya yi masa sauri, domin ba ya miƙe kansa idan an saki sanda. Ya fara da mai fiffike a sama ko ya yi atisaye a kwamfuta. Ga wanda ya iya kewaya fili ya sauka lafiya, wannan jirgi na biyu ne mai kyau. Kafin a liƙa komai, a zana kowane sashe a kan takarda mai kauri a ajiye, domin allon kumfa na milimita 5 yana samuwa a Jarir da sauran maktabobi, ko da yake ya fi na kamfanin nauyi, sai an sake auna daidaito idan an yi gyara da shi.