Shagon kayan fatsa da ya kamata 'yan uwa na Nottingham su leƙa

Jama'a masu sha'awar jefa fatsa a nan Ingila, akwai wani ɗan shago a gefen Nottingham ba nisa da kogin Trent, gaskiya na ji daɗin hulɗa da su sosai. Kaya dai akwai, sanda, zare, ƙugiya kala-kala, ga tana da tsutsa a firij suna motsi, da ɗan kofi ake auno maka. Kuɗinsu ya ɗan fi na intanet, wannan kam ba ƙarya, kuma wajen ajiye mota matsala ne ranar Asabar.

Amma abin da ya sa nake tura mutane wajensu shi ne dattijon da ke kan kanta, ba zai bar ka ka fita da sanda ba sai ya tambaye ka a ina za ka jefa. Yawancinmu mun ɗauka in ka sayi lasisin hukumar kula da muhalli ta Environment Agency shi kenan kogi ya zama naka, to ba haka ba ne wallahi, lasisin nan izinin riƙe sanda ne kawai, duk wanda ya kai shekara 13 dole ya mallake shi, in aka kama ka babu tara tana iya kaiwa fam 2,500, amma wurin da za ka tsaya da haƙƙin kama kifin wurin na mai gona ne ko na kulob ɗin masu fatsa da ya yi hayar gaɓar. Ko da akwai hanyar ƙafa ta jama'a a bakin ruwan, wucewa aka yarje maka, ba zama da fatsa ba. A yawancin wurare sai ka yanki tikitin yini ko ka shiga kulob.

Taswira ya shimfiɗa min a kan kanta, duk ta sha biro, yana bi da yatsa, nan na kulob ne, nan tikiti ake biya, nan kar ka kuskura ka tsallaka shinge ko da ba kowa. Shi ya tuna min daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni ba a kama kifayen da Turawa ke kira coarse fish, wato yawancin kifayen ruwan daɗi ban da irin su trout da salmon, a kogi saboda lokacin ƙwai ne.

Inda ya fi shafarmu kuwa maganar tafiya da kifi gida, don mu in mun kama tunaninmu yana kan farfesu, su kuma yawancin kulob dokarsu ka cire ƙugiya ka mayar da shi ruwa, in ka ɗauka ba da izini ba laifin sata ne a wajensu. Bai faɗa min da raini ba ko kaɗan, cikin mutunci ya yi bayani har na gane.

In za ku je ku je da safe tsakiyar mako, lokacin ba cunkoso zai samu sukunin zama da ku a kan taswirar.