Sabuwar Hilux: ajin da na zaɓa da waɗanda na bari, bayan damina guda a hanyoyin Gombe

Lokacin da muka yanke shawarar sayen sabuwar mota domin zirga-zirgar gonakin gidanmu da ke yankin Dadin Kowa da kuma wajen Talasse, ba mu yi doguwar muhawara kan irin motar ba, domin Toyota Hilux ce kowane bakanike a Gombe ya san cikinta, kuma kayan gyaranta ba sa wuyar samu. Muhawarar ta fara ne a harabar dillali, inda na tarar da motoci biyar masu suna ɗaya a jere, amma tazarar kuɗin da ke tsakanin ta farko da ta ƙarshe ta isa a sayi wata ƙaramar mota. Yanzu da wadda na ɗauka ta ci damina guda, ina ganin ina da abin faɗa ga wanda ke shirin shiga wannan ciniki.

Sunan aji shi ne abu na farko da ke ruɗa mai saye a Nijeriya, saboda motocin da ke kasuwarmu ba daga ƙasa ɗaya ake shigo da su ba, kuma kowace kasuwa da sunayenta. Waɗanda aka ƙera domin ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha suna ɗauke da sunaye irin su GL da GLX da SR5 da Adventure da GR Sport. A Afirka ta Kudu kuwa za ka ji Raider da Legend, a Ingila kuma Invincible. Ko sunan ya zo ɗaya, kayan da ke ciki kan bambanta daga wannan ƙasa zuwa waccan, don haka dillalin da ya ce maka motarsa "ful ofshin" ce bai gaya maka komai ba tukuna. Hilux ɗin da nake magana a kai ita ce ƙirar da ta fara fitowa a 2015, wadda aka sabunta wa fuska da wasu injuna a 2020.

Hanyar da na bi na fita daga ruɗanin ita ce na raba kayan motar gida biyu: waɗanda sai a masana'anta ake sa su, da waɗanda kowane gareji zai iya ɗaura wa mota daga baya. Inji, da tsarin jan taya huɗu, da makullin aksul na baya, da jakunkunan iska na kariya, duk suna rukunin farko, kuma wanda ya rasa su ranar saye da wuya ya samu a ƙara masa su daga baya. Allon rediyo, da rigar kujera, da matakalar gefe, da ƙarafan ado suna rukuni na biyu. Kuɗina sai na karkatar da shi ga rukunin farko, ko da yake idon mutum na biyun yake fara gani.

Batun jan taya huɗu yana buƙatar a duba shi da ido, domin akwai Hilux mai tsayin ƙafa wadda tayoyin baya kaɗai ke turawa, kuma daga nesa ba za ka bambanta ta da mai jan huɗu ba. Abin dubawa shi ne maɓallin murɗawa da ke gaban direba mai alamun H2 da H4 da L4. A H2 tayoyin baya ne ke aiki, kuma shi ne na kwalta. H4 yana haɗa na gaba, ana kuma iya shigarsa mota tana tafiya. L4 kuwa sai an tsaya cak, kuma yana rage gudu ya ninka ƙarfin ja. Tsarin Hilux ba shi da na'urar da ke raba gudu tsakanin aksul na gaba da na baya, saboda haka barin ta a H4 a kan busasshiyar kwalta, kamar hanyar Gombe zuwa Kumo, yana ɗaure giya ya kuma cinye taya. Na sha ganin direbobi suna yin haka da sunan ƙarin tsaro, alhali kuwa ɓarna suke yi.

Makullin aksul na baya shi ne abin da na fi jin daɗin biyan kuɗinsa a duk motar, kuma shi ne abin da dillalai suka fi mantawa da ambato. A yadda aksul yake aiki, idan taya ɗaya ta faɗa cikin santsi ko ta ɗaga sama, ƙarfin injin zai kwarara zuwa gare ta ta yi ta juyawa a banza, ɗayar da ke kan ƙasa mai ƙarfi kuma ta tsaya. Makullin yana tilasta wa tayoyin biyu juyawa tare. Duk wanda ya san baƙar lakar da ke kwarin Gongola da yankin Balanga ya san yadda take, tana tsagewa da rani, da damina kuma ta zama kamar sabulu ta cike zanen taya. A cikin watan Agusta, ina ɗauke da buhunan taki, tayar dama ta baya ta zurma cikin wani ramin da tarakta ta bari, har cikin motar ya kusa taɓa ƙasa. Na tsaya, na sa L4, na danna makullin, motar kuma ta fito a hankali ba tare da an tara matasan ƙauye ana turi ba. Yayana, wanda tun farko ya so mu ɗauki mai kujerun fata, yana zaune a gefena, kuma abin da ya ce kawai shi ne, "To, yau na ga inda kuɗin ya shiga." A Hilux mai jan taya huɗu makullin yana aiki ne a L4 kaɗai, kuma wajibi ne a cire shi da zarar an fita daga taɓon, domin mota ba ta juyawa daidai yana ɗaure. Ba kowace mai jan huɗu ke da shi ba, har a cikin ajin tsakiya, don haka sai mutum ya nemi maɓallinsa ya gani da idonsa.

Wajen inji na fi daɗewa ina jinkiri. Na fetur mai lita 2.7 yana ba da ƙarfin doki kusan 164 da ƙarfin murɗa Nm 245 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗa), yayin da na dizal mai lita 2.4 ke ba da ƙarfin doki kusan 150 amma ƙarfin murɗarsa ya kai Nm 400, babbansa kuma mai lita 2.8 yana kaiwa ƙarfin doki 204 da Nm 500 idan an haɗa shi da giya mai sarrafa kanta. Akwai kuma na fetur mai silinda shida da lita 4.0, wanda aka fi gani a manyan azuzuwa. A takarda dizal ne ya yi nasara, domin ƙarfin murɗa shi ke jan kaya ya hau tudu, kuma yana shan mai kaɗan. Sai dai injin dizal na zamani yana fesa mai ne da matsi mai tsanani ta ƙananan nozul, kuma ruwa ko datti kaɗan a cikin man yana iya lalata su, gyaransu kuma ba aikin gindin bishiya ba ne. Ni kuwa aikina yana kai ni inda wani lokaci sai a galan za a sayi mai. Bakaniken da ya daɗe yana duba mana motoci ya ce mini, "Alhaji, idan a gari za ka riƙa shan mai ɗauki dizal, idan kuwa a ƙauye ne ɗauki fetur ka huta." Na ɗauki na lita 2.7, wanda ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, tsarinsa kuma mai sauƙi ne.

Ban ce zaɓin ba shi da farashi ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, cika tankin lita 80 ya zama abin da mutum ke yi wa lissafi, kuma injin yana sha sosai idan an yi lodi aka kunna na'urar sanyaya ciki. A hawan tsaunin Tula, da mutum biyar da kaya a baya, sai na riƙa sauko da giya ina jin injin yana kuka, inda na tabbata mai lita 2.8 zai haye ba tare da wani nishi ba. Wanda yake jan tirela ko yake yawan tafiya mai nisa, kuma yana da gidan man da ya amince da shi, dizal ya fi dacewa da shi. Sai dai ya kula da motocin da aka ƙera domin Turai, waɗanda ke da matatar hayaƙi da AdBlue, ruwan da ke rage gubar hayaƙi, domin an tsara su ne kan man da ya fi namu tsabta.

Giyar hannu na ɗauka saboda sabo da kuma sauƙin gyara, amma ba zan hana kowa mai sarrafa kanta ba, musamman a yashi, inda take hana ƙarfin ja yankewa lokacin sauya giya.

Tayoyi kuwa wuri ne da babban aji ke iya zama koma baya. Ajin tsakiya yakan zo da wili mai inci 17 da taya 265/65, manyan kuma da inci 18 da taya 265/60. Lambar farko faɗin tayar ne a milimita, ta biyu kuma tsayin gefenta ne a kaso cikin ɗari na faɗin, don haka idan aka yi lissafi, tsayin gefen tayar farko ya kai milimita 172, na biyun kuma 159, kuma wannan ɗan naman roba shi ke tsakanin wili da dutse. Yana kuma ba mutum damar rage iska a yashi ba tare da fargabar lanƙwasa wili ba. Tayoyin da suka zo da motar sun fi karkata ga kwalta, don haka kafin ruwa ya sauka na sauya su da masu zurfin zane, har da safaya, kuma wannan kuɗi ne da ya kamata mai saye ya ware tun farko.

To, me ya hana ni sauka zuwa aji mafi araha, tunda ado ba ya gabana? Kayan kariya ne suka hana. A wasu kasuwanni ƙaramin aji yana zuwa da jakunkunan iska kaɗan, manyan kuma suna kaiwa bakwai, haka nan na'urar da ke daidaita mota idan ta fara zamewa ba lallai a same ta a ƙasa ba. A-kori-kura marar kaya bayanta ba shi da nauyi, kuma a kan burji ko jiƙaƙƙiyar kwalta yana saurin wutsiya. Rabin rayuwar motata a kan babbar hanya take, tsakanin tankoki da manyan motocin siminti na Ashaka, don haka na ƙi yin rowa a nan.

Abubuwan da na bari a manyan azuzuwa ban yi kewarsu ba. Kujerar fata a zafin watan Afrilu na Gombe azaba ce idan mota ta wuni a rana, kuma manomi mai shiga da laka a ƙafa ya fi buƙatar shimfiɗar roba. GR Sport tana da shokozoba na daban da kyan gani, amma bambancin kuɗinta ya fi abin da aikina zai amfana da shi. Na'urorin da ke lura da layin hanya suna dogara ne da fenti a kan kwalta, wanda babu shi a yawancin inda nake bi. Kyamarar baya kaɗai nake yabawa, domin motar doguwa ce, ko da yake da damina sai an goge ta kusan kullum.

Sai kuma ƙunshin kayan ƙari da dillalai ke haɗawa da kansu, wanda a nan ne aka fi cin kuɗin mutane. Wani dillali ya nuna mini ƙunshi mai ɗauke da ƙarfen ado na bayan bodi, da matakalar gefe, da fitilun rufi, da baƙin gilashi, da sitika, ya ce ba a rabawa. Da na leƙa ƙarƙashin motar sai na ga matakalar ta sauko ƙasa da firam, wato ita ce za ta fara dukan kunya ko dutse. Baƙin gilashi kuma yana jawo batun takardar izini daga 'yan sanda. Abubuwa biyu na karɓa a wani wurin daban, shimfiɗar da ke kare cikin bodi daga taki da tsatsa, da farantin ƙarfe mai kauri a ƙarƙashin inji. Ƙaton ƙarfen gaba na bar shi, domin yana ƙara wa gaba nauyi, kuma wanda aka ƙera ba bisa ƙa'ida ba yana iya shafar aikin jakunkunan iska. Bututun shaƙar iska na sama yana da amfani wajen rage ƙurar rani, amma ba ya mayar da mota kwalekwale. Zurfin ruwan da aka ƙayyade wa Hilux milimita 700 ne, kuma rafi mai gudu bayan ruwan sama yana iya ɗauke mota tun bai kai haka ba.

Wannan dillalin dai ya nuna mini wata mota mai tambarin babban aji a jikinta, amma da na zauna a ciki babu maɓallin makullin aksul, babu kuma jakunkunan iska na gefe. Fuska da tambari aka sauya mata. Tun daga nan na koyi karanta lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, in gwada ta da takardun kwastan da kuma farantin da ke jikin ƙofa, in kuma tambayi wanda zai ɗauki nauyin garanti da garin da za a kai motar idan ta samu matsala.

Motar da na ƙare da ita ajin tsakiya ce, mai ƙofa huɗu, mai jan taya huɗu da makullin baya, kujerun yadi, da wili mai inci 17. Tana da halin irin nata: sifirin bayanta na ɗaukar kaya ne, don haka idan babu lodi tana tsalle a kan burji, masu zama a baya kuma su suka fi ji, shi ya sa nake barin buhu biyu na yashi a bodi. Da za a mayar da ni harabar dillalin, injin kaɗai zan sake tsayawa in yi wa tunani, saboda hawan Tula da kuɗin fetur. Kafin damina mai zuwa kuma abin da ya rage in saya shi ne igiyar ja mai ƙarfi da famfon taya mai aiki da batir, domin shebur da katakon ɗora jak tuni suna bayan kujera.