Gargaɗi ga masu wasan Dungeons & Dragons a Damagaram: ɗan damfara ya ci mana jika 47 da rabi

Jama'a ku yi hattara, akwai wani mutum da ke yawo a gurup-gurup na WhatsApp yana cewa yana kawo kayan wasan Dungeons & Dragons daga Kwatano, littattafai da katuna da ƙwayoyin jefawa, wallahi tallahi ɓarawo ne. Jika 47 da rabi ya ci mana. 47.500 sefa. Kuma ba duka nawa ba ne, jika 20 a ciki na abokaina ne na fada, ɗaya daga cikinsu kabu-kabu yake yi, jika 10 ɗinsa ya ciro ya miƙa min a hannu saboda ya yarda da ni, shi ne abin da ya fi ƙona min rai har yanzu.

Kafin wani ya fara wa'azi, wasa ne na takarda da fensir da ƙwaya, tun 1974 ake yinsa a Amurka, ba tsafi ba ne ba bori ba ne, labari ne ake ƙagawa kowa da jaruminsa. Mu biyar muke yi a fadarmu ta Sabon Gari bayan isha'i, muna shan shayi. Jarumina matsafi ne ɗan mataki 3, ransa 17 kacal, ƙwayar ransa mai fuska 6 ce, sara biyu masu kyau ya faɗi. Gurbin sihiri, wato sau nawa zai iya jefa sihiri kafin ya huta, guda 4 na matakin farko da guda 2 na mataki na biyu, in suka ƙare ya zama ɗan kallo. Shi ya sa nake neman kayan da za su riƙe shi, kuma mai jan wasanmu, wato wanda yake ba da labarin yana yanke hukunci, ya ce in dai mun samo littafin mai jan wasa na gaske da katunan kayan sihiri zai fara raba mana a cikin labarin. Ƙwaya mai fuska 20 ma a waya muke jefa ta, na zaga Kasuwar Dole ban samu ba, sai ta ludo.

Masu cewa na yi gaggawa ku saurara, ni gwada mutumin na fara yi. Ya ce katunan kashi biyu ne, na manyan kaya jika 20, na ƙananan kaya jika 8. Da gangan na ce masa babban yaya ni na jika 20 nake so, saboda Sandar Ƙarfi tana ciki. Sai ya turo vokal, muryarsa a kwance, ya ce ƙanena wannan ba taka ba ce tukuna, irin waɗannan sai mataki 11, kar ka ɓata kuɗinka, ka ɗauki na jika 8. Na sake sauraren vokal ɗin nan ban san adadi ba. Kar ka ɓata kuɗinka. Wane ɓarawo ne za ka miƙa masa jika 20 ya ce a'a kawo 8? Ku gaya min.

Kuma bai tsaya nan ba. Ya ce matsafi ɗan mataki 3 abin da yake buƙata na farko Lu'ulu'un Ƙarfi ne, yana mayar maka da gurbin sihiri ɗaya da ka ƙone, har zuwa na mataki 3, sau ɗaya sai gari ya sake wayewa. Ya ce sai Sandar Kibiyoyin Sihiri mai caji 7, duk asuba tana sake cika da abin da ƙwaya mai fuska 6 ta ba ka ka ƙara 1, amma kar ka kuskura ka ƙone cajin ƙarshe, domin sai ka jefa mai fuska 20, in ta faɗi a kan 1 sandar ta zama toka. Sai Alkyabbar Kariya mai ƙara 1 a kan kariyar jiki da 1 a kan jifan tsira, wato ƙwayar da kake jefawa don ka kuɓuta daga haɗari. Har ya tuna min cewa kaya 3 kaɗai mutum zai iya ƙulla alaƙa da su a lokaci ɗaya, lu'ulu'un da alkyabbar suna cin gurbi biyu, sandar ba ta cin ko ɗaya, saboda haka ina da sauran guda. Duk gaskiya ne, babu kuskure ko ɗaya, na tambayi mai jan wasanmu ya ce haka yake a bugun 2014. Mutumin da ya san maganar toka fa. Ko a fadarmu mutum biyu ne suka san wannan.

Lissafin shi ne littafi jika 22 bugun Faransanci, katuna jika 8, ƙwayoyi guda 7 jika 5, duka 35. Na tura avansi jika 25. A'a kafin nan ma ya turo hoton littafin a kan tabarma da takarda a gefe an rubuta sunana da biro, ni na nemi ya yi haka, wani ya taɓa gaya min dabarar. To ya yi. Sannan na tura 25 ɗin. Daga baya ya kira da sassafe wai kaya sun maƙale a duwan, sai an biya jika 12 da rabi in ba haka ba za a riƙe har da na sauran mutane, yana rantsuwa yana cewa ƙanena ka rufa min asiri. Ko kuwa cikon jika 10 ne ya riga, na ɗan rikice, amma resi duka suna hannuna guda uku, 25 da 12 da rabi da 10, ku haɗa ku gani, 47 da rabi.

Koli ya zo ta motar Yamai, ni da mai kabu-kabun muka je tasha muka karɓo. Kwalin sabulu ne an naɗe shi da salatif rawaya kamar ba za a buɗe ba, yana da nauyi, har muna murna a hanya. Muka buɗe a gaban kowa a fada. Tsohon littafin lissafi na lakwal babu bango, shi ne nauyin. Ƙwayar ludo guda 2, ɗaya ma ɗigon ya goge. Katuna kuma fotokopi ne baƙi da fari a kan takarda mai ɗan kauri, an yanka da almakashi a karkace, tawada tana kama yatsa, na Lu'ulu'un Ƙarfi an yanke layin ƙarshe gaba ɗaya. Shiru fadar ta yi, babu wanda ya ce min komai, mai kabu-kabun ya juya ƙwayar a hannunsa ya ajiye ya tashi ya tafi. Na kira nimeron a kashe. WhatsApp ya yi min bulok, hoton fuskar ma ya cire.

Yanzu wani yana ce min ai duk bayanan da ya ba ka kyauta suke a intanet, kamfanin Wizards of the Coast mai wasan ya saki ainihin dokokin tun 2023 kowa ya yi amfani da su, lu'ulu'un da sandar da alkyabbar duk suna ciki, karantawa kawai ya yi. To na ji, sai me? Littafin kyauta ne? Ƙwayoyin kyauta ne? Ni abin riƙewa a hannu na biya, kuma na gwada shi, na nemi hoto da sunana, na riƙe resi, me ya rage wanda mai hankali zai yi ban yi ba? Zamba cikin aminci ce kawai, ya zauna ya koyi wasanmu don ya cuce mu.

Komisariya kuma ina ta jan ƙafa, ba don tsoro ba, ina tunanin yadda zan tsaya gaban ɗan sanda in ce an cuce ni a kan katin sandar sihiri, kafin in gama bayani labari ya kai Birni cewa ɗan gidan wane ya shiga neman asiri. Tsohuwata ma ban gaya mata ba. Amma zan je, kuma jika 20 na abokaina zan biya su daga aljihuna ko da kaɗan-kaɗan ne. Shi kuwa Allah ya isa tsakanina da shi, jika 47 da rabi, ban yafe ba.

Hotunan hirarmu da resi ukun da hoton kwalin duk zan saka su da daddare in kuran ya dawo, wayata saura kaɗan ta mutu, vokal ɗin ma zan saka ku ji muryar da kunnenku. Kar ku tura wa kowa avansi, sai kaya a hannu kun buɗe kun gani, in an ce duwan ku kashe waya. Na ji ya canza nimero yana neman ƴan jami'a yanzu da maganar katunan matsafi, duk wanda ya tuntuɓa ko ya riga ya tura masa kuɗi ya neme ni mu je komisariya tare.