Gyaran Mashigar Ƙoramarmu a Hannun Wani Tsohon Ma'aikacin Layin Dogo

Akwai wani ƙaramin kamfani a nan Maradi wanda ba shi da babban ofis ko allon talla a bakin titi, sana'arsa kuwa ita ce gyaran hanyoyin karkara da mashigan ruwa waɗanda ambaliya ta lalata. Ƙungiyarmu ta manoma da masu sayen amfanin gona ta ba shi kwangilar gyaran hanyar burjin da ta haɗa ƙauyukanmu, can kudu wajen Madarumfa, da babban titi, kuma da yake ni ne magatakardan ƙungiyar, a gabana aka yi ciniki, a gabana aka yi aikin. Yanzu da damina guda ta wuce a kansa, ya kamata in faɗi abin da na gani, domin ƙauyuka da yawa a jihar nan suna neman wanda zai yi musu irin wannan aiki. Zan sakaya sunan kamfanin saboda akwai wuraren da zan yi ƙorafi, amma tun daga nan ina shaida cewa aikin ya yi kyau, kuma kuɗinmu bai tafi a banza ba.

Duk wanda ya yi daminar 2024 a Maradi ba ya buƙatar a tuna masa da ita. A ƙarshen watan Agusta an tafka ruwan da ya kai milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, ya hallaka aƙalla mutum 15 a cikin birni, kuma kafin damina ta janye waɗanda suka rasu a faɗin Nijar sun haura 300, jiharmu ce ta fi kowace yawan mamata. Allah ya jiƙansu. A wajenmu ba a rasa rai ba, sai dai ƙoramar da ke ratsa hanyarmu kafin ta faɗa Gulbi ta tafi da kwalbatin da ke kanta ɗungurungum, ta bar kwazazzabon da zurfinsa ya shanye tsayin mutum. Kaka ta zo, gero da wake da aya suna jibge a gida, mota ba ta shiga, sai amalanken shanu da ke yin dogon zagaye, mai naƙuda kuwa sai an ɗauke ta a hannu an haye da ita kafin ta sami abin hawa zuwa asibiti.

Sauran ƴan kwangilar da muka kira duk magana ɗaya suka yi: za su sa sabon kwalbati daidai girman na da, su cike ramin da ƙasa, su baje burji a kai, kafin wata guda mota ta wuce. Mai kamfanin da muka ɗauka shi kaɗai ne ya ƙi yanka farashi a ranar da ya zo. Ya bar motarsa a bakin kwazazzabo, ya bi ƙoramar da ƙafa zuwa sama har ya ɓace mana, da ya dawo kuma ya nemi a kai shi wurin dattawan gari. Na ji shi yana ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, ina so a nuna mini inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi yawa tun tasowarku, ba na bana kaɗai ba." Wani tsoho ya ja shi zuwa gindin wani gawo, ya nuna masa inda ciyawa da kara suka maƙale a jikin ɓawon itacen, ya ce, "Yaro, nan ne na bana, kuma a sanina bai taɓa kaiwa nan ba." Ya sa fenti ya yi alama a wurin, kuma daga wannan alama ya auna komai. Farashin da ya kawo daga baya ya fi na sauran nesa ba kusa ba, har wasu a cikinmu suka ce a sallame shi. Waɗanda suka ce araha ba ta ado su ne suka yi rinjaye.

Sai da aiki ya kankama muka san inda ya samo wannan ɗabi'a. Ya yi ƙuruciyarsa cikin masu gyaran dogo a Najeriya, a layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda, layin da aka kammala tun 1929, wanda ke ratsa karkara mai yawan ƙoramu kamar tamu. Bayanin da yake yi wa leburorinsa game da yadda ake sake buɗe layin da ruwa ya ci shi ne ya fahimtar da ni abin da muke saye da kuɗinmu. Dogo yana zaune ne a kan tsakuwa, tsakuwar tana kan tudun ƙasar da aka tara aka daddale. In ruwa ya zo ya tarar da ƙofar da aka bar masa ta yi ƙanƙanta ko ta toshe, sai ya taru a bayan tudun, ya yi ta jiƙa shi har ya sami inda zai ɓalle, ya kwashe ƙasar da tsakuwar cikin ɗan lokaci, ya bar ƙarafan suna reto a sama. Haɗarin shi ne, direban jirgi yana hango dogo a miƙe lafiya lau, ba ya ganin cewa babu komai a ƙarƙashinsa, kuma jirgi ba ya kaucewa kamar mota, ba ya tsayawa nan take. Saboda haka kafin a sake buɗe layi sai an taka shi da ƙafa, an leƙa kowane kwalbati da gindin kowace gada don ganin ko ruwa ya rarake ƙarƙashinsu. Ana cike wurin da ya ɓalle hawa-hawa, ana daddale kowane hawa, a jera manyan duwatsu a gindin tudun, a zuba sabuwar tsakuwa, sannan a fara tura abu mara nauyi, daga baya kan jirgi ya wuce a hankali, kuma a ɗauki lokaci ana taƙaita gudu a wurin har ƙasar ta zauna. Babban darasin da ya ce ya ɗauko shi ne, duk wurin da aka mayar da ƙofar ruwa daidai girman wadda ta karye, nan ne za a sake komawa gyara.

A kan wannan ne ya ba mu shawarar da ba mu zata ba. Ya ce ƙoramarmu tana ɗauko rairayi da kara da rassan itace da yawa, duk kwalbatin da kuɗinmu zai iya saye sai ya toshe, don haka gara a yi radiye, wato a saukar da hanyar zuwa gindin ƙoramar a shimfiɗe ta da kankare, ruwa ya riƙa bi ta kai ya wuce. Bai ɓoye mana aibin wannan tsari ba: ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi dole masu mota da babur su jira na wasu awoyi har ruwan ya janye. Direbobi sun yi gunaguni, amma jiran rabin yini ba ɗaya yake da yankewar hanya ta wata da watanni ba.

Mafi yawan aikin yana ƙarƙashin ƙasa inda mai wucewa ba zai gani ba. A gaba da bayan shimfiɗar ya haƙa rami mai zurfi ya zuba katangar kankare, don kada ruwa ya bi ta ƙasa ya rarake ta. A ɓangaren da ruwa ke faɗawa bayan ya haye, inda ƙarfinsa ya fi yawa, ya jera gabiyo, waɗannan akwatunan ragar waya da ake cikawa da duwatsu. Na tsaya na kalli yadda ake cika su, kuma a nan na ga bambancin mai sana'a da mai neman kuɗi. Ba ya yarda a juye dutse da tifa a cikin raga. Da hannu ake jerawa, manyan a fuska, ƙananan a tsakiya su cike gurbi, kuma duk bayan hawa ɗaya sai a ɗaure waya daga wannan bango zuwa wancan don kada akwatin ya buɗe ciki. Wata rana ya tarar da yaransa sun yi gaggawa sun cika ɗaya da ɓaraguzai, ya sa ƙafa ya taka, ragar ta lotsa, ya ce a kwance a sake, ga rana tana dukan kowa. A ƙarƙashin gabiyon ya shimfiɗa wani ƙyalle mai kauri da ke barin ruwa ya wuce ya riƙe rairayi. A gaɓoɓin biyu kuma ya sa aka dasa jema da gamba, waɗanda saiwoyinsu ke kama ƙasa.

Bai tsaya a hanyar ba. Ya matsa wa masu gonakin da ke saman ƙoramar su haƙa ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwa a faƙon da ruwa ke gangarowa, su kuma daina tumɓuke tohon itatuwa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, tunda a jihar Maradi ne sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona ana kula da shi, ya fara bazuwa tun shekarun 1980, amma shi ne ya nuna mana alaƙarsa da hanya: ruwan da gona ta sha ba ya zuwa ya daki mashiga.

Inda ya gaza kuwa, ba ƙaramin abu ba ne. Aikin da ya yi alkawarin gamawa kafin zafin bazara ya kai har hadari ya fara haɗuwa, kuma da ruwan farko ya yi sammako da ya tarar da kankare bai gama bushewa ba. Dalilinsa shi ne dutse, domin ƙasarmu rairayi ce, daga nesa ake ɗauko shi, kuma ba shi da tifa tasa, haya yake yi. Uzuri ne na gaskiya, amma wanda ya daɗe a sana'ar ya kamata ya lissafa shi tun farko, maimakon ya dawo tsakiyar aiki yana neman ƙarin kuɗin dako. Samun sa a waya wahala ne. Matasan ƙauyen da ya ɗauka lebura sun sha jiran haƙƙinsu ya wuce ranar da aka yanka, har sai da mai gari ya sa baki, kuma wannan ya fi komai ɓata mini rai, domin guminsu ne ke cikin waɗannan duwatsu. Bayan haka bai bar mana zane ko takardar bayanin abin da ya binne a ƙasa ba. Komai yana cikin kansa, in Allah ya yi masa rasuwa wanda zai zo gyara sai ya yi lalube.

Daminar 2025 ta gwada aikin. Ruwa ya haye shimfiɗar sau da dama, mutane suka jira a gaɓa, ya janye, suka kwashe rairayin da ya bari da shebur, mota ta wuce. Wuri ɗaya ne ya ba da matsala, a gaɓar yamma, inda ruwa ya zagaye ƙarshen gabiyo ya ci ƙasa kaɗan. Da muka same shi ya zo da kansa, ya ƙara akwatuna ya cusa su cikin gaɓar, bai karɓi ko dala ba.

Abin da ya sa na daɗe a kan bayanin dogo shi ne, jirgin ƙasa yana tafe gare mu. Layin Kano zuwa Maradi, mai tsawon kilomita 284, wanda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, aka kuma ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal, zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kafin ya shigo ƙasarmu, kuma daga iyaka zuwa birni irin wannan rairayin da irin waɗannan ƙoramun zai ratsa. Ina cikin masu ɗokin zuwansa, domin kakanninmu sai da suka kai gyaɗa Kano kafin ta hau jirgi zuwa Legas. Amma tudun dogo dogon bango ne da aka gitta wa ruwa. A Mokwa ta jihar Neja a Najeriya, inda ambaliyar ƙarshen watan Mayun 2025 ta kashe fiye da mutum 150, mazauna garin sun shaida wa ƴan jarida cewa ruwa ya yi kwanaki yana taruwa a bayan wani tsohon tudun layin dogo kafin ya ɓalle a kansu. Mu kuma mutanen Maradi mun san halin Gulbi, tunda ambaliyar 1945 ce ta rushe tsohon gari a cikin kwari har aka hauro da shi kan tudu. Ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, wanda ke sa ƙarfe ya miƙe har ya karkace in ba a ɗaure shi bisa lissafi ba, ga iskar da ke tara rairayi a bakin kwalbati tun kafin ruwan farko. Manyan injiniyoyi sun san lissafin waɗannan abubuwa, amma share ƙofofin ruwa kowace bazara da taka layi bayan kowane babban ruwa aiki ne na mutanen da ke zaune kusa da shi, kuma ina fata hukumomi za su nemi irin wannan dattijo ya horar da matasan ƙauyukan da dogon zai ratsa.

Ƙauyen da zai ɗauki wannan kamfani ya rubuta ranar gama aiki da tarar jinkiri a cikin yarjejeniya, ya sa kuɗin dutse da dakonsa a ciki tun farko, ya riƙe wani kaso na kuɗin har damina ɗaya ta wuce, kuma a riƙa biyan leburori a gaban wakilin gari. Da waɗannan sharuɗɗan muka sake kiran sa ya duba mashiga ta biyu da ke kan hanyar kasuwa, ya amince da su duka har da ba mu zane a rubuce, kuma an tsayar da cewa za a fara tara dutse da zarar an gama kaka.