Rumman ko magarya: wanne ya dace da tsakar gida?

Hajiya, kin ce kin tare a sabon gida a Rijiyar Zaki, tsakar gidan ba faɗi, kina son itacen da zai yi fure, ya yi 'ya'ya, a kuma sami magani a jikinsa, amma kin rasa na ɗauka tsakanin rumman da magarya. Ni dai rumman zan ce miki.

Wajen kyau ma ba a haɗa su. Furen rumman ja ne jawur, daga ƙofar gida ake hango shi. Na magarya 'yan mitsi-mitsi ne, kore-kore, sai kin matso za ki san ta yi fure.

Babbar maganar ita ce girma. Rumman yakan tsaya tsakanin mita 2 zuwa 5, kuma idan ana rage masa rassa yana zama yadda kike so. Magarya kuwa, in ta sami wuri sai ta haura mita 10, saiwarta ta yi nisa, ga ƙaya mai ƙugiya da ke zuba a ƙasa. Gidan da yara ke yawo ba takalmi, kullum kina cikin cire ƙaya. Rumman ma yana da 'yar ƙaya, amma bai kama ƙafarta ba.

Dukansu suna jure zafin Kano. Sai dai rumman ba ya son a bar shi da ƙishi sannan a malala masa ruwa lokaci guda, nan take 'ya'yan ke tsagewa. Ki nemi dashen reshe, ki sa shi farkon damina. Cikin shekara 2 zuwa 3 zai fara haihuwa.

Batun magani, ɓawon 'ya'yan rumman ake busarwa a dafa saboda gudawa, baurinsa ne ke aikin. Kada a taɓa ɓawon saiwarsa, yana da guba. Yaro mai gudawa kuma ruwan gishiri da sukari za a fara ba shi, a kai shi asibiti.

Amfanin magarya a ganyenta yake: wanka, ruƙiyya, har wankan gawa. To amma ganyen nan, busasshe ko garinsa, kina shiga Kasuwar Kurmi za ki same shi da araha. Rumman kuwa, ki leƙa 'Yan Lemo ki tambayi kuɗin ƙwaya ɗaya.