Kwas ɗin Senshusei na Yoshinkan a Tokyo: ya dace da ɗan sanda, bai wadatar da sojan ƙundumbala ba

Duk mai son kare aikido, fasahar faɗan hannu ta Japan, daga zargin cewa rawa ce kawai a cikin fararen tufafi, hujjar da yake fara kawowa ita ce kwas ɗin Senshusei da ake yi a hedikwatar Yoshinkan, wani reshe na aikido, a birnin Tokyo. Gozo Shioda, almajirin wanda ya ƙirƙiro aikido, wato Morihei Ueshiba, shi ne ya kafa Yoshinkan a 1955, sa'an nan ya tsara wannan horo na wata 11 domin 'yan sandan kwantar da tarzoma na Tokyo, kafin a buɗe shi ga baƙi daga wasu ƙasashe a 1991.

Ta fuskar tarbiyya da juriya, kwas ɗin ya cancanci sunan da ya yi. Ana farawa a watan Afrilu, ana horo kwana biyar a mako, kuma tushensa motsi shida ne da ɗalibi zai yi ta maimaitawa, wani lokaci a tsayar da shi cak a tsakiyar motsi, gwiwa a lanƙwashe, har cinyoyinsa su kama karkarwa. Akwai kuma dabarun da ake yi a durƙushe a kan tabarmar horo, waɗanda suka yi suna wajen saluɓe fatar gwiwa. Wanda ya kai ƙarshe ya iya faɗuwa ba tare da ya ji rauni ba, ya san tazarar da ta kamata tsakaninsa da abokin gaba, kuma murɗe wuyan hannu irin na nikajo ko kotegaeshi ya zauna masa sosai. Ga jami'in da aikinsa shi ne ya damƙe mutum, ya kwantar da shi, ya sa masa ankwa ba tare da ya karya shi ba, wannan ilimi ne mai amfani.

Matsalar tana cikin yadda ake gwada dabarun. A Yoshinkan babu gasa. Abokin horo yakan kawo harin da aka riga aka sani, ya kuma bi dabarar har ya faɗi yadda aka koya masa. Ɗan kokawar da ya saba da abokin karawa mai turjewa da dukan ƙarfinsa zai gane giɓin nan take, domin hannun mai kai naushi da sauri yana janyewa ba ya jiran a kama shi. Wannan ne ya sa Kenji Tomiki, wani almajirin Ueshiba, ya shigar da gasa cikin nasa reshen.

Gaskiya ne Ueshiba ya koyar a makarantun sojan Japan kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, amma abin da yake koyarwa a lokacin ya fi kusa da salon faɗan Daito-ryu da ya koya a wajen Sokaku Takeda, mai tsauri da yawan duka. Rundunonin yau kuwa sun bi wata hanya. Tsarin faɗan hannu na sojan ƙasa na Amurka, wanda Matt Larsen ya fara ginawa a cikin rundunar Ranger a shekarun 1990, ya dogara ne a kan jiu-jitsu na Brazil da kokawa da dambe, saboda ana iya koyar da su cikin ɗan lokaci, a kuma gwada su da cikakken ƙarfi. Sojan da ke ɗauke da bindiga da sulke da kaya masu nauyi ba shi da wata 11 da zai ware wa murɗe hannu.

Saboda haka ina ba jami'in tsaro da mai neman zama malamin aikido shawarar kwas ɗin ba tare da shakka ba, muddin yana da lafiyar gwiwa da abin da zai riƙe kansa shekara guda a Tokyo. Mai shirin shiga rundunar ƙundumbala kuwa gara ya fara da judo ko dambe.